Daji Ya Cika da Mutane, Masu Sayar da Kayan Daji Kuwa Suna Rufe Kanti

[Hoto: jerin motoci a ƙofar shiga gandun Yosemite]

Jama'a, assalamu alaikum.

A shekarar 2016, wuraren da hukumar kula da gandayen ƙasa ta Amurka ke riƙe da su, irin su Yellowstone da Yosemite da Grand Canyon, sun karɓi ziyara kusan miliyan 331. Ba a taɓa ganin cincirindo irin wannan ba kafin wannan shekarar. Kowa zai ce ai mai sayar da tanti da takalmin hawan dutse kakarsa ta yanke saƙa. Ina! A watan Afrilun shekarar ne Sport Chalet, kantin da mutanen kudancin Kalifoniya suka yi shekara 57 suna sayen kayan fita daji a cikinsa, ya sanar da cewa zai rufe rassansa 47 kaf. Wata guda kafin nan, Sports Authority mai rassa sama da 450 ya garzaya kotu neman kariya daga masu binsa bashi, kuma bai sake tashi ba. Shekara na zagayowa sai ga MC Sports na jihar Michigan, sai Gander Mountain mai rassa kusan 160, sai Eastern Mountain Sports, wanda ya riga ya faɗi a 2016, a karo na biyu.

Masu saye suna nan, kayan ma ana ta sayensu. To me ya ci waɗannan kantuna?

[Hoto: cikin kanti, tantuna a kafe, jakunkuna a rataye]

Na san wani yana can yana cewa, wai mutum da ɗakinsa da katifarsa, ya ɗauki kuɗi ya biya don ya je ya kwana a daji? Haka ne. A Amurka da Turai wannan hutu ne, kuma babbar kasuwa ce. Akwai tanti, da jakar goyo, da jakar barci da mutum ke shigewa ciki kamar buhu, da ƙaramin risho, da igiyar hawan dutse, da kwale-kwale, da kayan gudu a kan dusar ƙanƙara, da fatsa, da kayan farauta. Wanda ya taɓa tona dilar gwanjo da hunturu yana neman rigar sanyi ya ga sunayen masu ƙera su: The North Face, Columbia, Patagonia. Da yawa daga cikin rigunan nan a irin kantunan da muke magana a kansu aka fara sayensu sabbi.

Kantunan da nake nufi ba ƙaramin shagon unguwa ba ne, ba kuma ƙaton kamfanin da ya mamaye ƙasa ba. Na tsakiya ne, masu rassa 10, ko 40, ko 60, duk a yanki guda. Kusan dukkansu masu son abin ne suka kafa su. Sport Chalet, wani ɗan ci-rani daga Jamus mai suna Norbert Olberz ne ya fara shi da matarsa a 1959, da ɗan shagon kayan ƙanƙara a gefen Los Angeles. Eastern Mountain Sports, wanda kowa ke kira EMS, wasu mahaya dutse biyu ne, Alan McDonough da Roger Furst, suka buɗe shi a 1967 a garin Wellesley na jihar Massachusetts.

Ku tsaya a kan EMS ɗin nan, don a nan zancen yake.

[Hoto: Dutsen Washington cikin hazo da ƙanƙara]

A jihar New Hampshire akwai wani dutse da ake kira Dutsen Washington. Tsayinsa mita 1,917 ne kawai, wato a cikin manyan duwatsun duniya ba a ma sa shi a lissafi. Amma a watan Afrilun 1934 an auna iska a ƙololuwarsa tana gudun kilomita 372 a sa'a. Sama da mutum 150 sun rasa rayukansu a kansa da duwatsun da ke kewaye da shi, wasu ma a tsakiyar bazara, saboda sun hau da 'yar riga, yanayi ya juya, sanyi ya kama su. A gindin wannan yanki, a garin North Conway, EMS ya buɗe makarantar koyon hawan dutse tun 1968.

Ka shiga kantin ka ce gobe za ka hau dutsen. Yaron kanti ya hau shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Zai dube ka ya ce, wannan rigar auduga ce, cire ta, in ta jiƙe ba ta bushewa, ita za ta kashe ka. Zai auna ƙafarka, ya fito da takalma kala huɗu, ya sa ka taka wani ɗan gangare da aka gina a cikin kantin don a ga ko yatsunka na bugun gaba. Zai zuba nauyi a jaka ya ɗaura maka, ya gyara maɗaurin ƙugu. Ya ɓata minti 40 a kanka, kuma ba za ka biya ko sisi a kan wannan ba. Kuɗin wannan ilimi yana ɓoye ne a cikin ribar takalmin. Muddin a nan za ka saya, lissafi ya daidaita.

Sai wayar hannu ta shigo aljihu.

Mutum ya gama gwajin nan, ya san lambar ƙafarsa, ya san samfurin da ya dace da shi. Sai ya ce bari ya je ya yi shawara. Kafin ya kai mota ya riga ya saya ta intanet, a Amazon ko Backcountry, da rangwame. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Takalmin iri ɗaya ne, kamfani ɗaya ya ƙera, lamba ɗaya ce a jikin kwali. Abin da kawai ya bambanta shi ne haya, da wuta, da albashin yaron da ya durƙusa yana auna ƙafa, kuma duk waɗannan a wuyan mai kanti suke.

Akwai kuma wani ƙarin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wato haraji. A 1992 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa jiha ba za ta tilasta wa ɗan kasuwa karɓar harajin saye ba sai idan yana da shago ko ɗakin ajiya a cikinta. A lokacin, masu sayarwa ta gidan waya ake nufi. Da intanet ta zo, sai hukuncin ya zama garaɓasa ga masu sayarwa a cikinta. A jihohi da yawa harajin yana tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Ka ɗauka, a misali, tanti na dala 400 ne. Ko da farashi ɗaya aka sa a wuri biyun, mai kanti dole ya ɗora wajen dala 30 a kai, na intanet kuwa ya aiko maka har gida ba tare da ita ba. Sai a watan Yunin 2018 kotun ta soke wancan hukunci, a shari'ar jihar South Dakota da kamfanin Wayfair. Lokacin Sport Chalet ya shekara biyu a kabari.

[Hoto: shagon The North Face a babban titi]

Bugu na biyu daga 'yan uwa ya zo. Shekara da shekaru waɗannan kantuna ne suka tallata kayan masu ƙera, su suka koya wa mutane sunayensu. Da sunayen suka kafu, sai masu ƙerawa suka ga ai ba dole sai da ɗan tsakiya ba. Kayan da suke bayarwa a farashin sari, wanda a wannan harka yakan kama kusan rabin kuɗin kiri, me zai hana su sayar da kansu su haɗa riba biyu? Patagonia, The North Face, Arc'teryx, kowanne ya buɗe shagunansa da shafinsa. Mai ba ka sari ya zama kishiyarka a kasuwa, kuma shi ke yanke wane kaya zai ba ka, wane zai riƙe.

Labarin Moosejaw ya nuna yadda igiyar take a hannun masu ƙera. Kanti ne na jihar Michigan da aka kafa a 1992, ya yi suna da tallace-tallacen barkwanci, kuma yana cikin waɗanda suka rungumi intanet da wuri. A 2017 Walmart, ƙaton kamfanin kantunan araha, ya saye shi a kan dala miliyan 51. A 2018 Walmart ya buɗe wani sashe a shafinsa na kayan daji masu tsada, Moosejaw ke zaɓo kayan. Kafin kace kwabo kamfanin Black Diamond ya aika da takardar lauya cewa a cire sunansa da hotunan kayansa. Deuter da Leki da Katadyn suka janye su ma. Ba sa son a ga kayansu a gidan araha. A 2023 Walmart ya sayar da Moosejaw ga Dick's Sporting Goods, wanda bai daɗe ba ya sanar da rufe shaguna 11 daga cikin 14.

[Hoto: riguna a jere da takardar rangwame]

Sai yanayi. Wannan sana'a kamar noma take. Mai kanti yana yin odar kayan hunturu wata shida ko fiye kafin sanyi ya sauka, sau da yawa da kuɗin banki. In sanyi ya zo, madalla. In bai zo ba, kaya sun yi kwantai. Disambar 2015 ita ce Disamba mafi zafi da aka taɓa aunawa a Amurka zuwa wannan lokaci. A gabashin ƙasar mutane sun yi Kirsimeti ba rigar sanyi. Riguna da kayan ƙanƙara suka zauna a kan kanta, aka karya farashi, ba uwa ba riba. Kamfanin da ke da rassa a duk faɗin ƙasa zai iya kwashe kaya daga inda ba sanyi ya kai inda ake yi. Wanda duk rassansa ke yanki guda, sama ɗaya ce a kansu.

Wata huɗu bayan wannan Disamba, kamfanin Vestis ya faɗi. Vestis shi ne uwar da ta haɗa EMS da Sport Chalet da Bob's Stores, kuma mallakar wani kamfanin zuba jari ne na Philadelphia mai suna Versa Capital. A nan ni nake ganin cutar ta fi tsanani, ko da yake wasu za su yi min gardama. Mai kantin da ya gina abinsa da hannunsa zai iya haɗiye shekara guda ta asara, ya ɗaure ciki ya jira baɗi. Kantin da ke ɗauke da bashi kuwa, kuɗin ruwa bai san ba a yi sanyi ba. Ga kuma haɗin gambiza: an ɗaure masu koyar da hawan ƙanƙara a New Hampshire, da masu sayar da kayan nutso a teku a Kalifoniya, da masu sayar da wandon aiki a Connecticut, duk a turke ɗaya.

Kada a ɗauka manya sun tsira sumul. Cabela's, gagarumin kamfanin kayan farauta da kamun kifi, wani kamfanin zuba jari mai suna Elliott Management ya sayi kashi 11 cikin ɗari na hannun jarinsa a 2015 ya matsa a sayar da shi. A 2017 Bass Pro Shops ya haɗiye shi. A lokacin, hedikwatar Cabela's tana garin Sidney na jihar Nebraska, garin da mutanensa ba su kai 7,000 ba, kuma kusan 2,000 ke aiki a kamfanin. Ku ƙiyasta abin da ya sami garin da aka kwashe ayyukan.

[Hoto: kwantenoni jibge a tashar jiragen ruwa]

Korona ta zo a 2020 kamar za ta ceci waɗanda suka rage. An rufe silima da filayen wasa, daji kaɗai ya rage a buɗe. Keke, tanti, kwale-kwale, komai ya ƙare a kanti. Masu kanti suka ninka oda, jiragen ruwa suka yi jinkiri, kaya suka iso a 2022, daidai lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a Amurka. Kuma tanti ba burodi ba ne. Wanda ya saya a 2020 ba zai dawo ba sai bayan shekaru. Kwantai ya sake cika ɗakunan ajiya. Midwest Mountaineering na birnin Minneapolis ya rufe a 2023 bayan shekara 53. Hatta REI, ƙungiyar haɗin gwiwar da aka kafa a Seattle a 1938, wadda ita ce giwar wannan kasuwa kuma ita ake zargi da danne ƙananan kantuna duk garin da ta shiga, ta yi asarar dala miliyan 311 a 2023. A Janairun 2025 ta rufe sashenta na darussa da jagorantar tafiye-tafiye, ta sallami sama da mutum 400. Wato ko giwar ma, ɓangaren koyarwar ta yanke.

EMS fa? Bayan faɗuwar 2016 da ta 2017, kamfanin Sports Direct na Birtaniya ya saye shi tare da Bob's Stores a kan dala miliyan 101. A 2022 ya sayar da su ga GoDigital Media Group a kan miliyan 70. A watan Yunin 2024 aka koma kotu, karo na uku cikin shekara takwas. Bob's Stores ya rufe baki ɗaya. EMS, wanda ke da rassa kimanin 60 a 2016, wani kamfanin Birtaniya mai suna Mountain Warehouse ya karɓi sunansa da shaguna 7.

Mountain Warehouse ɗin nan yana da ɗaruruwan shaguna, kuma yawancin abin da ke kan kantarsa nasa ne, shi ya tsara, sunansa ne a jiki. In ka gwada rigarsa ta yi maka, ka fito da waya don neman mai araha, duk inda ka duba wajensa za ka koma.