Iskar Radon a Tsoffin Wuraren Ibada

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya taɓa shiga masallaci ko majami'ar da ta yi ɗaruruwan shekaru ya san sanyin nan mai daɗi da ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa. Kaurin bango da ƙarancin tagogi ne ke kawo shi. Su ne kuma ke tsare radon, wata iska marar wari da launi, wadda shaƙarta shekara da shekaru ke jawo sankarar huhu.

Daga ƙasa take fitowa. Sinadarin yuraniyom da ke cikin duwatsu kan rikiɗe sannu a hankali ya zama radiyom, shi kuma ya saki radon. Da bekerel ake auna yawanta. A fili ba ta cika wuce bekerel 5 zuwa 15 a kowace mita kubik ta iska ba, amma a rufaffen gini taruwa take yi. Iska mai ɗumi na hawa can ƙololuwar ƙubba, sai ginin ya riƙa zuƙo ta ƙasa ta tsagar daɓe, gindin ginshiƙai, tsohuwar rijiya da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Wani lokaci dutsen ginin ma na fitar da ita, musamman dutsen aman wuta irin wanda aka haƙa tsoffin makabartun ƙarƙashin birnin Rum a cikinsa. Idan aka kulle ƙofofi da dare sai ta kwana tana ƙaruwa, mai buɗe ƙofa da asuba ya tarar da mafi yawanta.

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a cikin gidaje a tsaya a bekerel 100, in ya gagara kada a haura 300. Ta ce duk ƙarin bekerel 100 na tsawon lokaci yana ƙara haɗarin sankarar huhu da kusan kashi 16 cikin ɗari, kuma bayan taba sigari babu abin da ya kai radon jawo cutar. Mai ziyarar rabin awa bai da abin tsoro sosai. Abin damuwa shi ne liman, ladan, fadan majami'a, mai shara da mai gadi da ke wuni a ciki, balle in mutum yana shan taba.

Awon radon ba shi da wuya. Ana ajiye 'yar na'ura mai kamar gwangwani, wadda ba ta buƙatar lantarki, a tsayin mita 1 zuwa 2, nesa da taga da ƙofa, ta yi aƙalla wata 3 kafin a kai ta ɗakin gwaji. Awon kwana biyu yaudara ne, domin yawan radon na sauyawa da yanayi. Kowane ɗakin da ake zama a ciki na son tasa na'urar.

Wurin gyara ake yin kuskure. Fankar da ke fitar da iska waje kan ƙara zuƙo radon daga ƙasa. Wadda ke turo iskar waje ciki ta fi. Mafi inganci shi ne ɗan rami ƙarƙashin daɓe da bututu da fanka mai jan iskar zuwa saman rufi, sai dai ba kowane daɓen tarihi ake yarda a fasa ba, kuma yawan iska na sauya danshi ya lalata zanen bango da katako. Don haka dole masanin radon ya zauna da masu kula da kayan tarihi kafin a taɓa komai, a kuma sake awo bayan aikin.