Sauya lens a lokacin hunturu: lacca ga matasa masu ɗaukar hoto a Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, ku matso gaba, abin na gani da ido ne.

Ga hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce ko'ina a zango, bukukuwa kuma ba sa tsayawa. Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga yaro a wurin suna ya cire lens, ya bar bakin kyamara a buɗe yana lalube cikin jaka. Wannan 'yar tsayuwar ita ke kai ƙura kan sensa, wato ɗan allon cikin kyamara da ke karɓar hoton.

To shiri ake fara yi. Ka fito da wanda za ka saka, ka sassauta murfinsa na baya. Ka kashe kyamara. A wasu na Canon irin R5 da R6, kashewar ce ke sauko da labule ya rufe sensa. Ka ba iska baya, ka kifa bakin kyamara ƙasa, sannan ka danna maɓallin da ke gefen bakin ka murɗa. Wanda ya fita, nan take murfi ya hau bayansa, kada yatsa ya taɓa waɗannan 'yan ƙarafan masu ruwan zinariya, ta nan yake magana da kyamara.

Ku duba nan. Kun ga jan ɗigo a jikin lens da kuma a bakin kyamara? Na Canon EF ke nan, tsarin da suka fito da shi a 1987. Ɗigo ya dubi ɗigo, ka murɗa yadda hannun agogo ke tafiya har ka ji ƙas. Mai farin tambari mai kusurwa huɗu EF-S ne, ba ya hawa manyan kyamarorin Canon irin 5D. Nikon kuwa, da bakinsu na F yake tun 1959, akasin haka ake murɗawa. Wanda ya saba da Canon ya ari Nikon, nan yake ɓarna. Don Allah idan ya cije, ka tsaya. Lens da ya zauna daidai ba ya neman ƙarfi, a wasu ma bakin roba ne, yana karyewa.

Na'am ɗan'uwa, hurawa da baki? A'a, yawu za ka fesa, ya fi ƙurar illa. Gefen riga ma haka. Ka sayi 'yar robar nan mai hura iska, ka hura kyamara na kife. Masu kyamara marar madubi a ciki irin Sony ku fi kowa kula, da an cire lens ga sensa nan a fili.

Kafin ka fita aiki, ka ƙanƙance kafar shigar haske ta lens zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, ka buɗe hoton sosai. Idan baƙaƙen ɗigo suna fitowa wuri ɗaya a kowane hoto, a kan sensa suke. Ka hura. In sun ƙi tashi, ka kai wa mai gyara.

Yanzu kowa ya ɗauko tasa, mu gwada bibbiyu.