Dutsen Niƙa Mai Shekara 65,000: Wa Ya Ƙirga Shekarun?

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan guntun dutse da kyamara take zagayawa a kansa, mai fuska sumul wadda tsakiyarta ta ɗan lotsa, duk wanda ya tashi a gidan da ake niƙa da hannu zai gane shi tun kafin a faɗa masa sunansa. Dutsen niƙa ne. An tono irinsa a arewacin Ostireliya, a wata mafakar dutse da ke gindin tsauni, wadda ake kira Madjedbebe, cikin ƙasar al'ummar Mirarr, dab da gandun dajin Kakadu. Tun da hotunan duwatsun suka bazu tare da adadin shekara 65,000, tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa a saƙonninku: wace na'ura ce aka ɗora dutsen a kanta har ta faɗi shekarunsa? Amsar ita ce ba a auna shekarun dutsen ba ko kaɗan, kuma a nan ne yawancinmu muke yin tuntuɓe.

Bari mu fara da aikin da yake yi, a taƙaice, tun da hotunan sun isa bayani. 'Yan asalin Ostireliya, waɗanda ake kira Aborijin, sun yi amfani da babban dutse shimfiɗaɗɗe da ɗan dutsen da ake riƙewa a hannu wajen niƙa 'ya'yan ciyawar daji da na itatuwa dangin bagaruwa. Sau da yawa markaɗe ake yi, ana yayyafa ruwa har ya zama ƙullu, sannan a gasa shi cikin toka mai zafi. A kan irin waɗannan duwatsu ake niƙa jar ƙasar da ake zane da kwalliya da ita, a kansu ake wasa bakin gatarin dutse. A dazuzzukan arewacin jihar Kwinslan akwai wani samfuri mai tsaga-tsaga a fuska da ake kira mora, wanda ake gurza 'ya'yan itace masu guba a kai kafin a jiƙa su a ruwa gubar ta fita.

To, yanzu ga inda ya kamata mu tsaya.

Da yawa sun rubuto cewa ai awon kabon aka yi. Awon kabon yana aiki ne kawai a kan abin da ya taɓa rayuwa, kamar gawayi, ƙashi, ko ɓawon dodon koɗi, domin abin da ake aunawa shi ne ragowar wani nau'in kabon da yake raguwa da rabi a duk shekara 5,730 bayan mutuwar mai shi. Dutse bai taɓa numfashi ba. Bayan haka, idan abu ya haura kimanin shekara 50,000, abin da ya rage na wannan kabon ya yi ƙaranci ƙwarai har awon ba ya zama abin dogaro. Ko da kuma a ce an auna shekarun dutsen kansa ta wata hanyar, amsar ba za ta amfane mu ba, domin duwatsun yashi na tsaunukan wannan yanki sun haura shekara biliyan 1 da samuwa. Tambayar masana ita ce yaushe hannun ɗan Adam ya ajiye shi a inda aka same shi.

Abin da aka auna shi ne yashin da ya binne shi. Ku dubi hannun wannan mai binciken da kyau: yana buga wani bututu mai duhu cikin bangon ramin, kuma da ya zare shi zai toshe bakinsa nan take, don kada haske ya taɓa abin da ke ciki. Wannan taka-tsantsan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya.

Ga dalili. A cikin kowace ƙasa akwai ɗan turirin nukiliya na halitta da ke fitowa daga ma'adinai irin su yuraniyom, toriyom da fotasiyom. Ba ya cutar da kowa a wannan ƙanƙanin ma'auni, amma ƙwayar yashi tana tara tasirinsa a cikinta sannu a hankali, shekara bayan shekara, muddin tana cikin duhu. Da zarar hasken rana ya same ta, ko na ɗan ƙanƙanin lokaci ne, sai duk abin da ta tara ya zube, ta koma wayam. Ku ɗauke ta kamar tulun da aka ajiye a ƙarƙashin rufin da yake ɗiga. Rana ita ce mai zuwa ta kifar da tulun. Ranar da iska ko ruwa ya kawo wani yashin ya rufe ƙwayar, ranar ce aka miƙar da tulun, ɗigon ya fara taruwa daga farko. Idan ka san yawan ruwan da ke cikin tulun, kuma ka san yawan abin da ke ɗiga a shekara, lissafin rabawa kaɗai ya rage maka ka san tsawon zamansa a wurin.

Haka ake yi a ɗakin gwaji. Wannan jan hasken da kuke gani ba ado ba ne, shi ne hasken da ba ya zubar da abin da ƙwayar ta tara. Ana jera ƙwayoyin yashin ɗaya bayan ɗaya cikin ƙananan ramuka a kan faifai, a haska kowace da leza, wato siririn haske mai ƙarfi, ita kuma sai ta saki wani ɗan haske mara ƙarfi wanda na'ura take aunawa. Yawan hasken shi ne yawan ruwan tulun. Sannan a auna ƙarfin turirin da ke cikin ƙasar wurin, wanda shi ne saurin ɗigon. A binciken Madjedbebe, wanda Chris Clarkson, da a lokacin yake Jami'ar Kwinslan, ya jagoranci tononsa a 2012 da 2015 da amincewar al'ummar Mirarr, Zenobia Jacobs ta Jami'ar Wollongong ta jagoranci auna ƙwayoyi sama da 28,000, kuma aka wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2017. Ina roƙonku ku ɗan yi tunanin wannan haƙuri, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, a cikin ɗaki mai duhu.

Saboda haka, abin da adadin 65,000 yake nufi shi ne: yashin da ke kewaye da duwatsun da suka fi zurfi, fiye da mita 2 a ƙarƙashin ƙasa, rabonsa da ganin rana ya kai wannan tsawon lokaci. Dutsen aron shekaru ya yi daga maƙwabtansa. Daga nan ne kuma gardama ta ɓullo, gardama mai ma'ana. Wasu masana sun ce dutse yana da nauyi, yashi kuwa yana da laushi, don haka takun ƙafafu, ruwan sama da aikin gara suna iya sa kaya su nutse sannu a hankali zuwa cikin yashin da ya girme su. Masu tonon sun amsa da cewa sun sami gutsattsarin duwatsu da suka dace da juna kwance kusa da juna, alamar ba su yi nisa da inda suka faɗi ba, kuma auna ƙwayoyi ɗaiɗai zai tona asirin yashi idan ya cakuɗe. Har yanzu ana tattaunawa. A ganina, wanda ya fahimci tulu da ɗigo ya riga ya fahimci abin da ɓangarorin biyu suke ja a kai.

Sanin abin da aka niƙa a kan dutsen wani aiki ne daban, kuma shi daga jikin dutsen ake samo shi. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, niƙan hatsi yana barin sheƙi irin nasa, jar ƙasa tana barin launi da ƙarce, kuma ƙwayoyin sitati suna maƙalewa cikin ƙananan ramuka, kowace shuka da siffar nata. Da haka Richard Fullagar da Judith Field suka nuna a 1997 cewa an niƙa tsirrai a kan duwatsun Cuddie Springs, a jihar Niyu Sawut Wels, kimanin shekara 30,000 da suka wuce. A Kogon Cloggs da ke jihar Biktoriya, ƙasar al'ummar GunaiKurnai, an sami ɗan dutse mai kimanin shekara 2,000 ɗauke da ragowar wani ƙwaro mai fiffike da ake kira Bogong, mai yawan kitse, wanda ake gasawa a niƙa. Kakannin al'ummar sun daɗe suna ba da labarin tafiya tsaunuka neman wannan ƙwaro, sai ga dutse ya zo da shaida.

Yanzu ku biyo ni cikin ma'ajin gidan tarihi. Manyan gidajen adana kayan tarihi, irin na Sidni da na Adeled, suna riƙe da duwatsun niƙa masu yawa, kuma wani kaso daga cikinsu manoma, makiyaya da matafiya ne suka tsince su a fili tun ƙarni na 19 da farkon na 20. Akan sami wanda takardar da ke manne da shi ba ta ɗauke da komai sai sunan gunduma. Irin wannan dutse har gobe yana iya faɗin abin da aka niƙa a kansa, idan ba a wanke shi da burushi ba, kuma nau'in dutsen kan nuna inda aka haƙo shi, domin akwai manyan mahaƙu, kamar na ƙasar Mithaka a kudu maso yammacin Kwinslan, da ake fataucin duwatsunsu zuwa nesa. Amma shekarunsa sun tafi tun ranar da aka ɗaga shi, domin yashin da zai ba da shaida ya ga rana. Abin yana taɓa mini zuciya, ganin cewa da yawa daga masu ɗaukar sun yi zaton ceton dutsen suke yi.

Shi ya sa dokokin jihohi, kamar ta Niyu Sawut Wels ta 1974 da ta Biktoriya ta 2006, suka haramta ɗauka ko lalata kayan tarihin Aborijin ba tare da izini ba. Wanda ya ci karo da irin wannan dutse ana so ya bar shi a mazauninsa, ya ɗauki hoto, ya sanar da hukuma da al'ummar da ke da ƙasar. A hamadar tsakiyar Ostireliya akan tarar da babban dutsen a kife, fuskarsa tana kallon ƙasa, kamar wannan da kyamara ta tsaya a kansa. Ya yi nauyin da ba za a yi ƙaura da shi ba, don haka mai shi takan kifa shi don kare fuskar daga iska da ruwa, ta bar shi a sansanin har kakar da 'ya'yan ciyawa za su sake nuna.