Magnitogorsk: garin da aka gina wa masana'anta

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai, 'yan'uwa, na gode da kuka zo.

Yawancin garuruwa, mutane ne ke fara zama, kasuwa da sana'a su biyo baya. A Magnitogorsk, kudancin tsaunukan Ural na Rasha, masana'antar ƙarfe aka sa a gaba, wurin kwanan ma'aikata ya zo daga baya.

A 1929 babu komai a wurin sai wani tsohon ƙauye, da fili fetal, da dutsen Magnitnaya cike da tama. Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, na cikin shirinsa na farko na raya masana'antu na shekara biyar, ƙarfe yake so ko ta halin ƙaƙa. Tarayyar Sobiyet mai adawa da jari-hujja ta ɗauko kamfanin Arthur McKee na Amurka ya zana masana'antar, ana koyi da ta garin Gary a jihar Indiyana. Bajamushe Ernst May aka ba tsara gidaje, amma ko da ya iso a 1930 gini ya riga shi nisa. Kwal kuwa daga yankin Kuzbass na Saiberiya ake jigilarsa, tafiyar kusan kilomita 2,000 a jirgin ƙasa.

To, su wa suka yi aikin? Nan nake so ku ba ni hankalinku, don nan ne zuciyata take. Akwai matasan da suka zo da ƙafarsu, sun yi imani sabuwar duniya suke ginawa. Akwai fursunoni. Akwai kuma dubban manoman da aka ƙwace wa gonaki, aka kira su kulak, wai manoma masu dukiya, aka loda su a taragu da matansu da 'ya'yansu. A tantuna da bukkokin ƙasa suka kwana, cikin sanyin da ke wuce digiri 30 ƙasa da sifili. Yunwa da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa suka ci da yawa, musamman yara. A Fabrairun 1932 tanda ta farko ta fitar da narkakken ƙarfe. Duk wanda zai yabi wannan sauri, wallahi wajibi ne ya ambaci waɗannan bayin Allah.

Da Jamus ta kawo hari a 1941, masana'antun Yukren suka kuɓuce wa Sobiyet, nauyi ya koma kan Ural. Har yau mutanen garin na cewa rabin tankokin yaƙin Sobiyet da ƙarfensu aka ƙera. A 1979 aka kafa ƙaton mutum-mutumi a bakin kogi, ma'aikaci na miƙa wa soja takobi. A shekarar ce kuma Najeriya ta ba wani kamfanin Sobiyet kwangilar masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, kun san inda wannan ya tsaya.

Yanzu garin na da mutum kusan 400,000. Kogin Ural ya raba shi biyu: masana'anta a gaɓar Asiya, yawancin gidaje a gaɓar Turai, ma'aikata na tsallaka gada safe da yamma. Dutsen an kusa cinye shi, tama sai an kawo daga nesa. Hayaƙi ya daɗe yana cutar da ƙirjin mutane, kuma su da kansu suna kuka da shi. Duk da haka kada ka kuskura ka raina masana'antar a gabansu. Kaka ya yi aiki a can, uba ya yi, jika na yi, har ƙungiyar wasan hoki na kan ƙanƙara da suke ji da ita, Metallurg, wato mai aikin ƙarfe, sunan sana'ar take ɗauke da shi.

Zan tsaya nan. Mai tambaya, bismillah.