Shin Madara Mai Sanyi Tana Cutar da Jariri?

An rubuto wannan lacca ne daga muryar wata ma'aikaciyar jinya da aka naɗa yayin da take yi wa mata masu goyo jawabi a garin Gombe.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena mata da 'yan'uwana, barkanku da zuwa, Allah ya raya mana zuri'a.

Tambayar da aka fi yi mini a ɗakin awon jarirai ita ce ko akwai illa a ba jariri madarar jarirai ta gwangwani bayan ta huce, ko wadda aka ciro daga firji. Kafin in amsa, wajibi ne in tuna mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har ya cika wata 6. Sai dai a cikinmu akwai kakar da ke rainon jikan da mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwa, akwai kuma uwar da rashin lafiya ya hana ta shayarwa, kuma dominsu nake wannan bayani.

Sanyin madara shi kaɗai ba ya cutar da lafiyayyen jaririn da aka haifa bayan watanninsa sun cika. Na san iyayenmu suna cewa abu mai sanyi yana sa wa yaro mura ko ciwon haƙarƙari, kuma kulawa ce take sa su faɗi haka, amma ƙwayoyin cuta ne suke haddasa waɗannan cututtuka. Dalilin ɗumama madara shi ne nonon uwa yana fitowa da ɗumin jiki, wajen digiri 37, saboda haka jariri ya fi karɓar mai ɗumi.

Abin da nake so kowace uwa ta riƙa tambayar kanta shi ne, ta wace hanya madarar nan ta yi sanyi? Garin madara, ko da gwangwanin sabo ne fil a rufe, ba a tsarkake shi daga ƙwayoyin cuta ɗari bisa ɗari ba. Wani lokaci akan samu wata ƙwaya mai suna Cronobacter a cikinsa, wadda ba kasafai take kama yaro ba, amma idan ta kama shi tana iya shiga jini ko ta jawo sanƙarau, musamman ga bakwaini da jaririn da bai wuce wata 2 ba. A watan Fabrairun 2022, kamfanin Abbott na Amurka ya janye madarar da ya sarrafa a masana'antarsa ta jihar Mishigan bayan an samu jariran da suka kamu da wannan ƙwaya. Saboda wannan ƙwaya ce ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun a 2007 ta ce a dama garin da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, domin zafin ne yake kashe ta.

Ba mu da ma'aunin zafi a gidajenmu, don haka ki tafasa ruwa sosai, ki sauke, kada ki bari ya wuce minti 30 kafin ki yi amfani da shi. Ki fara zuba ruwan a fida daidai layin da aka rubuta, sannan ki sa garin da cokalin gwangwanin, a shafe, ba tare da tozo ko ragi ba. Ki girgiza, ki tsoma fidar a kwanon ruwan randa har ta huce, ki ɗiga a cikin tsintsiyar hannunki ki ji. Wadda ta yi sanyi ta wannan hanya babu damuwa a kanta. Wadda ke tayar mini da hankali ita ce ta uwar da za ta fasa ledar fiya wata mai sanyi, ta zuba a fida, ta kaɗa gari a ciki ta ba yaro, alhali babu zafin da ya taɓa garin.

Sai maganar lokaci, kuma a nan muka fi yin sakaci. Sau da yawa ina ganin uwa ta dama madara bayan sallar asuba, ta cusa fidar a jaka tsakanin zannuwan goyo, ta hau Keke Napep zuwa asibiti, ta zauna a layi har kusan azahar, yaro yana kuka tana ba shi kaɗan kaɗan daga wannan fida ɗin. A zafin Maris da Afrilu na Gombe, lokacin da ma'auni ke kaiwa digiri 40, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa cikin sauri a irin wannan madara. Wadda aka dama aka ajiye a waje kada ta wuce awa 2, ragowar da yaro ya riga ya sa wa baki kuwa a zubar da ita idan awa ɗaya ta cika. Na san tsadar gwangwani, na san zubarwar tana da ciwo, shi ya sa nake roƙonku ku riƙa dama kaɗan, daidai cikin yaro.

An yarda a ajiye ta a firji har awa 24, da sharaɗin sanyinsa bai haura digiri 5 ba, kuma wuta ba ta yanke ba. A gidan da ake ɗauke wuta rabin yini, a ganina wannan sassauci bai shafe shi ba. Ya fi aminci ki cika filas mai kyau da tafasasshen ruwa ki rufe, ki riƙe garin daban, ki dama sabuwa duk lokacin da yaro ya nema, ko da dare ko a hanya.

Ga bakwaini da yaron da ba shi da lafiya, ni na fi son a ɗan ɗumama masa, a tsoma fidar a ruwan ɗumi na abin da bai wuce minti 15 ba. Idan kuma kika ga jariri ya ƙi shan madara, jikinsa ya yi zafi ko ya saki, ko ya fara amai da gudawa, ki kawo shi asibiti a ranar, kada ki jira gari ya waye. Yanzu zan karɓi tambayoyinku. Hajiya ta can baya, bismillah.