Jakfot ya faɗo: nawa ne tukuicin wanda ya ƙirga maka kuɗin?

Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Rabi ce, ga Malam Sabo a damana, ga Nura can yana ta fama da makirfo tun ɗazu. Yau Nura ne ya jawo mana magana a kan tukuicin ma'aikatan gidajen caca, Malam kuwa tun kafin mu kunna na'ura yake gunaguni.

Malam Sabo: Ba gunaguni ba ne, Rabi. Cewa na yi a faɗa tun farko, caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya. Kada wani ya ji mu ya ce mun buɗe makarantar karta.

Rabi: To, an faɗa, kowa ya ji. Nura, bismillah.

Nura: Ni ma, Malam, ba cacar ce ta ja hankalina ba, ma'aikatan ne. Shekarun baya aiki ya kai ni wani taro a Las Vegas ta Amurka. Otal ɗin da aka sauke mu, ba ka isa ɗakinka sai ka ratsa ta tsakiyar na'urorin caca, haka aka tsara ginin da gangan. Wani dare ina wucewa sai na ji wata na'ura ta ɓarke da kiɗa, fitilar da ke kanta tana walƙiya. Wata tsohuwa ce a zaune, ta ci dala 1,800, irin babban cin da ake ce wa jakfot. Ni a zatona kuɗi za su zubo. Ina! Na'urar ta kulle kanta, ko maɓalli ɗaya ba ya motsi.

Rabi: Ta lalace ke nan?

Nura: Lafiyarta ƙalau, Yaya Rabi, doka ce. Daga 1977 har zuwa 2025 a Amurka, in mutum ya ci dala 1,200 ko fiye a irin wannan na'ura, sai an cika wa hukumar haraji wata takarda mai suna W-2G. Saboda haka na'urar take tsayawa, ma'aikaci ya zo ya karɓi katin shaida da lambarka ta gwamnati, ya tafi, ya dawo da kuɗi a hannu tare da wani abokin aikinsa da zai zama shaida. Na tsaya daga gefe kamar mai duba waya. Matashiyar da ta kawo kuɗin ta ce wa tsohuwar ta buɗe tafin hannu, ta fara ƙirgawa da ƙarfi, ɗari, ɗari biyu, ɗari uku, duk takardun dala ɗari-ɗari, har 1,700. Da aka zo ɗarin ƙarshe sai ta sauya, ta ƙirga 'yan ashirin-ashirin guda biyar.

Malam Sabo: A'a! Canji ne ya ƙare musu?

Nura: Gidan da ke juya miliyoyi a dare ɗaya, Malam? Hannunka mai sanda ne. Ba ta ce uffan ba, amma ta sa wa tsohuwar 'yan canji a saman tarin, in ta ga dama ga abin da za ta miƙa. Tsohuwar kuwa ta san wasan. Ta zare ashirin biyu, ɗaya ga mai ƙirga, ɗaya ga shaidar.

Malam Sabo: To ni a nan nake da ja. Tukuici dai mun san shi, an aiko yaro da saƙo, ka ba shi wani abu saboda ya taka ƙafa. Amma wannan me ta yi? Ita ta juya na'urar? Ita ta kawo sa'ar? Aikinta ne, ana biyanta albashi.

Rabi: Ni kuwa sai nake ganin misalinku ne ya kayar da ku, Malam. Yaron da aka aiko ma ai ba shi ya yi kyautar ba, ɗaukowa kawai ya yi. Ita ma ɗaukowa ta yi.

Malam Sabo: Kin kama ni a nan. Amma yaron ba ya kan albashi.

Nura: Albashin ne abin dubawa. A dokar tarayyar Amurka, mafi ƙarancin albashi dala 7.25 ne a awa, tun 2009 bai motsa ba. Wanda aikinsa na samun tukuici ne kuwa, doka ta yarda a biya shi dala 2.13 a awa, in dai tukuicin ya cike giɓin, wannan adadi tun 1991 yake nan. Jihar Nevada, inda Las Vegas take, ba ta yarda da wannan ragin ba, nata mafi ƙarancin ya kai dala 12 a 2024. Duk da haka mai raba karta a manyan gidajen can, abin da yake samu daga tukuici ya kan fi albashinsa nesa ba kusa ba. An gina aikin ne a kan cewa baƙo zai cika.

Malam Sabo: Wato mai gida ya ci kuɗin baƙo a tebur, sannan ya bar wa baƙon biyan ma'aikacinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Nura: Ban musa ba. Sai dai in ka hana tukuicin don ka huce haushin mai gida, ba aljihunsa ka taɓa ba.

Rabi: To mu zo kan lamba, don na san akwai mai sauraron da ita kawai yake jira. Nawa ake bayarwa?

Nura: Babu doka, babu allon da aka rubuta a bango. Abin da aka saba ji a bakin masu zuwa wuraren shi ne rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari, wasu su haura kaɗan in cin ƙarami ne. A dala 1,200 zuwa 2,000, ashirin ko arba'in ba wanda zai harare ka. A dubu goma, hamsin zuwa ɗari. Kuma yadda kuɗin ke girma haka kason ke raguwa.

Rabi: Me ya sa zai ragu? Ai mai yawa shi ya fi cancantar ya saki hannu.

Nura: Ɗauki mafi girman jakfot da aka taɓa ci a na'ura a Las Vegas. Watan Maris na 2003, a otal ɗin Excalibur, wani matashi ɗan shekara 25 daga Los Angeles ya ci dala miliyan 39.7 a na'urar Megabucks. Kashi ɗaya na wannan dala 397,000 ne. Wa zai zaro wannan daga aljihu a daren? Balle ma ba a daren ake ba shi ba. Kamfanin da ya ƙera na'urar, IGT, shi ke biyan irin wannan, kuma a rarrabe cikin shekara 25. Takardar da ma'aikaci zai cika kusan iri ɗaya ce, ko dubu biyu ka ci ko miliyan.

Malam Sabo: Ka ga ka dawo kan maganata. In wahalar ɗaya ce, me ya haɗa tukuicin da yawan kuɗin?

Nura: Kunya, Malam. Mutum ya riƙe dubu ashirin a hannu ya miƙa dala biyar, shi da kansa zai ji nauyi. Har suna suke da shi a tsakaninsu. Mai sakin hannu suna ce masa George. Mai maƙo kuma akwai nasa sunan, kuma kafin ya kai wani teburin labarinsa ya riga shi.

Rabi: Akwai wani abu da nake so mu tsaya a kai. Mu da muke kallo daga gefe muna ganin an ci 1,800 sai mu ce ta samu. Wa ya san nawa ta zuba tun safe?

Nura: Nan ne masu ƙin bayarwa suke da hujja mai ƙarfi. An saita na'urorin nan ne su mayar da ƙasa da abin da aka zuba musu in an daɗe ana yi, a Nevada doka ta ce kada abin da suke mayarwa ya gaza kashi 75 cikin ɗari. Sau da yawa wanda ake tafa wa ya riga ya yi asarar dubu uku, jakfot ɗin rage zafi ne kawai. Ga haraji a gaba. In kuma baƙo ne daga wata ƙasa, a nan take ake cire kashi 30 cikin ɗari, sai fa in ƙasarsa tana da yarjejeniyar haraji da Amurka da ta ɗauke masa, kamar Birtaniya. Ka ci dubu goma, a miƙo maka dubu bakwai. Shi ya sa masu hankali suke lissafa tukuicin a kan abin da ya shigo hannu, kuma in ranar ta asara ce su ba da kaɗan, su yi godiya, su tashi.

Malam Sabo: Masu hankali ai ba sa zama a kujerar tun farko.

Rabi: Malam dai ba zai bari ta wuce ba! Nura, kuɗin da aka ba matashiyar nan, aljihunta yake shiga?

Nura: Ya danganta da gida. A tebur dai, mafi yawan manyan gidaje asusu ɗaya ake tarawa. Mai raba karta zai ƙwanƙwasa kwabon robar da aka ba shi, wanda ake caca da shi a madadin kuɗi, a gefen tebur don kyamara da mai sa ido su gani, ya jefa a akwati, daga baya a raba wa kowa gwargwadon awannin da ya yi. Kin ba wadda ta yi miki fara'a, amma mai ɗaure fuskar teburin can ma yana da rabo a ciki. Masu raba karta a wasan foka ne suka fi riƙe nasu. Kuma wannan akwatin ya taɓa jawo rigima babba. A 2006 Steve Wynn ya ce a gidan cacarsa na Wynn Las Vegas dole a riƙa ba masu sa ido kaso daga tukuicin masu raba karta.

Rabi: Saboda me?

Nura: Saboda na ƙasa sun fi shugabanninsu samu, har ba mai son a ƙara masa girma. Maimakon ya ɗaga albashin masu sa idon daga aljihun kamfani, sai ya sa hannu a akwatin. Ma'aikatan suka fusata, suka shiga ƙungiyar ƙwadago a 2007, aka yi ta shari'a. Sai 2018, bayan ya bar kamfanin, aka soke tsarin, a 2021 kuma aka sasanta a kan dala miliyan 5.6.

Malam Sabo: Shekara goma sha biyar ana jan magana a kan kyautar da baƙo ya yi da zuciya ɗaya. Wannan ai ya nuna tun tuni ta tashi daga kyauta, ta koma albashi da aka sauya wa suna.

Nura: Gwamnati ma haka ta ɗauke shi, tana karɓar haraji a kai. Ba banza ba a Las Vegas Donald Trump ya fara alkawarin cire haraji daga tukuici, a watan Yuni na 2024, gari ne da dubban masu ƙuri'a suke rayuwa da shi. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ba da rangwamen haraji a kan tukuici har dala 25,000 a shekara, zuwa 2028.

Rabi: Ko'ina haka abin yake, ko Amurka ce kawai?

Nura: Sam. A Birtaniya shekara da shekaru doka ta hana mai raba karta ya karɓi ko kwabo, sai da dokar caca ta 2005 ta fara aiki a 2007 aka sake. A Ostireliya har yanzu ma'aikatan tebur ba sa karɓa, in ka miƙa za a mayar maka. Tsoron shi ne kada mai raba karta ya fara karkata ga wanda ke cika masa hannu. A Faransa da Jamus kuma al'ada ce tsohuwa: in lambarka ta fito a rulet, wato faifan caca mai lambobi da ake juyawa, ana biyanka ninki 35, sai ka tura kwabo ɗaya ka ce na ma'aikata ne. A Jamus wannan asusun ne ya daɗe yana ɗaukar kaso mai yawa na albashinsu.

Malam Sabo: Ni na Ostireliya ya fi kwanta mini. A biya mutum haƙƙinsa, kada ya zauna yana kallon hannun wani.

Rabi: Amma in ka tambayi mai raba karta a babban otal na Las Vegas ko zai yarda a musanya masa da tsayayyen albashi, ina jin zai ce a bar shi yadda yake.

Nura: Na manyan gidajen, ƙwarai. Na ƙananan gidajen bayan gari, mai aikin dare a teburin da ba kowa, shi kam wata magana ce. Ga kuma wani sabon abu. Daga 2026 an ɗaga iyakar nan ta 1,200 zuwa dala 2,000. Masu caca sun yi murna, takarda ta ragu, jira ya ragu. Amma duk cin da na'ura ba ta kulle a kansa ba, ɗan tikiti kawai take bugawa, mutum ya kai wa injin biya ya karɓi kuɗinsa ba tare da ya haɗa ido da kowa ba.

Rabi: Ke nan tsohuwarka mai 1,800, da yau ne...

Nura: Ba wanda zai zo ya ƙirga mata a tafin hannu. 'Yan ashirin-ashirin ɗin nan biyu suna jakarta.

Malam Sabo: Su ma kafin asuba na'urar ta haɗiye su.

Rabi: Malam, a yi mana afuwa haka, lokaci ya ƙure. Nura, kashe makirfon nan naka kafin ya sake ƙara. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.