Amsoshin Tambayoyinku: Tsohon babur ɗin ƙanƙara kafin hunturu ya kankama

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Takardu uku muka zaɓo yau, duka a kan babur ɗin nan da ake hawa bisa dusar ƙanƙara a ƙasashen arewacin duniya.

Ta farko daga Damagaram ta fito, daga wani bakaniken babura. Ya ce: "Na ga hoton abin a waya, ko taya ɗaya ba shi da ita. Wa ya ƙera shi, kuma da me yake tafiya?"

To Malam, a gaba yana da takalma biyu dogaye masu zamiya, su ne kan babur ɗin ke juyawa. A baya kuma akwai ɗamarar roba mai faɗi, mai haƙora, wadda injin ke juyawa tana cizon ƙanƙara tana tura shi gaba. Mutane da dama sun gwada ƙera irinsa, cikinsu har da Carl Eliason na jihar Wisconsin a Amurka, wanda ya yi rajistar nasa a 1927. Amma sunan da ya fi fita shi ne Joseph-Armand Bombardier, bakanike daga ƙauyen Valcourt a lardin Kubek na Kanada. A hunturun 1934 ɗansa ƙarami ya kamu da ciwon ciki, ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, yaron ya rasu. A 1937 Bombardier ya fito da mota mai ɗaukar mutum bakwai a kan ƙanƙara, sannan a 1959 ya fito da ƙaramin da ake hawa, mai suna Ski-Doo. Yau 'yan ƙabilar Inuit a arewacin Kanada da shi suke zuwa farauta, makiyayan Sami a Finland da Norway da shi suke bin garkensu.

Takarda ta biyu ita ce za mu daɗe a kanta. Wani ɗan'uwanmu ɗalibi ne a lardin Manitoba na Kanada. Ya ce ya sayi tsohon Ski-Doo na shekarun 1990 da araha, mai shi ya ce hunturu biyu ke nan ba a tayar da shi ba. "Ga sanyi ya matso, in zuba mai in ja igiya kawai, ko akwai abin da zan fara dubawa?"

Ɗan'uwa, kada ka ja igiyar nan tukuna. Abin da ke kashe irin wannan babur zama ne, ba tafiya ba. Wata huɗu ko biyar ake hawansa a shekara, sauran watannin yana ajiye, kuma a ajiyen nan ne ɓarnar ke faruwa.

Fara da mai. Fetur in ya daɗe a tanki yakan lalace, ya bar wani danƙo mai toshe ƙananan ramukan kafireto. Ga shi fetur ɗin Kanada galibi ana gauraya shi da sinadarin etanol, wanda ke jawo laima ya tara ruwa a gindin tanki. Zuƙe tsohon man gaba ɗaya. Kwance kafireto, ka ciro jet ɗin, wato ɗan ƙarfen mai siririn rami da fetur ke bi, ka wanke, ka ɗaga shi sama ka ga haske na ratsa ramin. Tiyon mai kuwa, in ka matsa ka ji ya ƙandare ko ya soma tsagewa, canza shi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kada ka manta da guntun tiyon da ke cikin tankin, shi ne ke ruɓewa ba a gani.

Ga dalilin da ya sa muke nanata wannan. Injin irin wannan tsohon babur iri ɗaya ne da na ƙaramin janaretan da muke gauraya wa fetur da baƙin mai a gida. Ba shi da wata ma'ajiyar baƙin mai a ƙasa da fistin ke wanka a ciki. Man shafawarsa tare da fetur da iska yake shiga. In jet ya toshe rabi, injin zai tashi, har ma ka ji yana kuka da daɗi, amma fetur ɗin da ke isa ciki bai kai ba, iska ta yi yawa. Zafi sai ya hau, fistin ya narke ko ya kame a cikin silinda. Sanyi kuma ƙara abin yake yi, don iska mai sanyi ta fi nauyi, tana buƙatar fetur fiye da na ranar ɗumi. Injin da ya yi lafiya lau a ƙofar gida yana iya bugawa a daji ranar da sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri, kuma a Manitoba wannan ba baƙon abu ba ne a watan Janairu.

Haka nan robobin sil da ke gefe biyu na karanshaf, da robar da ke haɗa kafireto da injin. In sun bushe sun tsage, iska na satar hanya ta shiga, sakamakon ɗaya ne. Alamar ita ce injin ya riƙa hawa da kansa ba ka taɓa totur ba, ko ya ƙi sauka bayan ka saki. Wannan aikin bakanike ne, kai masa. Ka kuma sa ya auna ƙarfin matsin silinda. In bambancin da ke tsakanin silinda biyun ya wuce kashi 10 cikin 100, akwai magana a ringi ko fistin. Gaskiya, kafin biyan kuɗi ya kamata a yi wannan awon, amma tun da an riga an saya, a yi shi yanzu.

Duba kuma ko naka mai famfon baƙin mai ne, wanda ke da ƙaramin tanki daban, ko wanda ake gaurayawa da hannu. In mai famfo ne, ka tabbata babu kumfar iska a tiyonsa kuma wayarsa na motsi tare da totur. Masu dabara sukan gauraya ɗan baƙin mai a fetur ɗin da suka fara zubawa a tanki, har sai sun ga na ƙaramin tankin yana raguwa. Fulogi sabo ka sa, ka ajiye wasu biyu a aljihu.

Kafin ka tayar, buɗe akwatin iska ka leƙa salansa. Ɓeraye na son wuraren nan, sukan yi sheƙa, su ci wayoyi. Sai ka matsa totur ka saki sau da yawa, injin a kashe. Dole ya koma da kansa nan take. Babur ɗin nan ba shi da giya irin ta mota; da zarar injin ya kai wani gudu, kuloci ya kama bel, tafiya ta fara. Totur ɗin da ya maƙale yana nufin babur zai fizge da kansa ya nufi bango. Gwada makunnin kashewa na gaggawa da burki. Kuma a waje za ka tayar da shi, ko ƙofar gareji a buɗe, saboda hayaƙinsa na kisa a rufaffen wuri.

Bel ɗin da muka ambata yana tsakanin faifai biyu, na injin da na baya, shi ke canza gudu. In ya tsage, ko gefensa ya yi santsi yana ƙyalli, ko ya siraɗe, sayi sabo, tsohon ya zama safaya. Goge fuskar faifan da kyau, kada mai ko giris ya taɓa su. Akwai kuma akwatin sarƙa a gefe, mai ɗan mai a ciki; juye tsohon ka zuba sabo.

Sai ƙasa. Ɗaga bayan babur ɗin, ka juya ɗamarar da hannu kana duba tsaga da haƙoran da suka guntule. Ƙananan tayoyin da ke cikinta, juya kowace. Wadda ta yi ƙara ko take girgiza, boris ɗinta ya mutu. Ɗamarar na goga jikin wasu dogayen robobi masu santsi da ke ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da tayoyin nan. Suna da layin da ke nuna iyakar cinyewa, in sun kai layin a canza. Ɗaurin ɗamarar a bi awon littafin babur ɗin, don kowane samfuri da nasa. A ƙasan takalman gaba akwai sandar ƙarfe mai kaifi. In ta cinye, za ka juya kai babur ya ci gaba da miƙewa. Ka bi duk wuraren giris ka cika.

Ranar fita ta farko, kusa da gida za ka zagaya, kuma ba kai kaɗai ba. Dokar Manitoba ta wajabta rajista da hular kwano. Tafkin da ya daskare kuwa, hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota, maƙwabciyarku, tana ba da shawarar kaurin inci 5 zuwa 7 na sabuwar ƙanƙara mai garai-garai kafin a hau da babur, a ninka in fara ce. Mu dai shawararmu, baƙon wuri ya bar tafki sai da ɗan gari.

Takarda ta ƙarshe daga Agadas take. Mai sauraronmu ya ce: "Tun da yashi ma laushi gare shi, me zai hana a kawo mana shi Sahara?"

Malam, zai motsa, amma ba zai yi nisa ba. Robobin nan masu santsi, ƙanƙarar da ɗamara ke watsawa ce ke sanyaya su. A kan yashi zafi zai narkar da su. Masu sanyaya injin da ruwa ma da ƙanƙarar suka dogara, don faranti ne a ƙarƙashin kujera da ƙanƙara ke fantsamawa a kai. Ga shi yawancinsu ba su da matatar iska ta kirki, tun da babu ƙura a inda aka yi su domin shi. Yashin hamadar Tenere zai shige cikin silinda kai tsaye ya cinye ringi.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.